Sifanar da Ba a Taɓawa

Ranar da Baban Lukuta ya gama koyon kanikanci, Maigareji ya ja shi gefe, ya nuna masa wani wuri a ƙarshen rumfa, tsakanin mai faci da tulin tsofaffin tayoyi. Ya ce nan ne wurinsa, in har ya iya riƙe shi wata ɗaya. Sharaɗin guda ne: ya zo da kayan aikinsa.

"Shekara huɗu kana ɗaukar nawa, ban ce komai ba, don kana koyo," in ji Maigareji. "Yanzu ka zama makanike. In na gan ka da sifanar wani sau uku, ka tattara ka ba wani wuri. Akwai mutum biyu da ke jiransa."

Haka mijina ya maimaita mini da ya dawo, har da kwaikwayon murya. Ni ban yi dariya ba. Wannan ɗan wurin da ke warin roba shi muka shekara huɗu muna jira. Ɗinkin kayan yara da nake yi a ɗaki ba ya ɗaukar haya da cefane da madarar Lukuta a lokaci guda, kuma Lukuta, 'yata mai wata goma sha huɗu, ba don wasa aka sa mata wannan suna ba. Tana cin abinci kamar an aiko ta.

Ranar Asabar muka tafi sayen kaya, na goya ta, na ɗaure kuɗin da muka tara a bakin zane na ciki. Shagon siriri ne kamar lungu. A bangon hagu an rataye kayan aiki cikin leda, ƙasa kuma ga bokiti cike da sifanoni, kowa ya sa hannu ya zaɓa. A dama akwai kabad na gilashi a kulle, makullinsa a wuyan mai shago.

Ni na nufi bokiti. Baban Lukuta ya nufi gilashi.

"Injiniya, sannu da zuwa," in ji mai shago. Daga jin haka na san mun shiga uku, don ba a taɓa kiran mijina injiniya ba, kuma na ga yadda wuyansa ya ƙara tsawo.

Mai shago ya buɗe kabad, ya fito da wani jan akwati na ƙarfe, ya ɗora a kan tebur a hankali kamar mai sauke ƙwai. Ya ɗaga murfi. Sifanoni ne jere daga ƙarama zuwa babba, kowace a kwance cikin nata gurbin na baƙin soso, suna ƙyalli har kana ganin fuskarka. Ga sukudireba shida, ga filaya biyu, ga guduma mai hannun roba.

"Wannan jikanka zai gada," in ji mai shago.

"Jikan nasa makanike zai zama?" na ce. "Wa ya gaya maka?"

"Uwargida, ɗauki ki ji nauyi."

Na ɗauki sifana ɗaya. Tana da nauyi, ban musa ba. Na sa hannu a bokiti na ɗauko wata mai lamba ɗaya da ita, na haɗa su. Tsawonsu ɗaya, bakinsu ɗaya.

"Wannan ma tana juya noti?"

"Tana juyawa."

"Hagu da dama?"

"Uwargida, keke ma yana kai mutum inda mota ke kai shi."

"To mu keke muka zo saya."

Da ya faɗi kuɗin akwatin, sai da na gyara goyo. Kuɗin ya isa a sayi bokitin gaba ɗaya, a haɗa da mai shagon. Na kalli mijina don mu yi dariya tare, sai na ga ba ya nan. Yana tsaye dai, amma idonsa na cikin akwatin, yana shafa wata sifana da bayan yatsa, yadda ya shafa kuncin Lukuta ranar da aka haife ta.

A hanyar fita daga shagon nake ta magana. Na ce sabon makanike bai san abin da zai fi amfani da shi ba, ya sayi mai araha, wanda ya karye ya maye gurbinsa da mai kyau. Na ce a gareji kaya tafiya suke yi. Na ce rufin ɗakinmu yana yoyo daidai kan gadon yarinya. Duk ya ce haka ne. Muka kai bakin titi, ya tsaya, ya ce, "Maman Lukuta, ban taɓa roƙonki komai ba."

Ƙarya ce, kullum yana roƙona wani abu. Amma muka koma.

Akwatin ya shigo gidanmu a kan kafaɗarsa, an lulluɓe shi da rigarsa ta sama don kada rana ta taɓa fenti. Ya share ƙarƙashin gado, wurin da bai taɓa sharewa ba tun da muka tare, ya shimfiɗa kwali, ya ajiye. Ya kafa doka: ba ni, ba Lukuta.

Ranar Litinin ya tafi da shi. Da yamma ya dawo da shi, na lura rigarsa ta yi baƙi da mai, hannunsa ma haka, amma da ya buɗe akwatin don ya duba, kowace sifana tana kwance a gurbinta, ko tabon yatsa babu.

"Ba ka yi aiki ba ne?"

"Na yi. Ƙananan ayyuka ne, ba su kai a fito da waɗannan ba."

Ranar Talata ya ce akwatin ya yi nauyi, kafaɗarsa na ciwo, zai bar shi yau kawai. Laraba bai ma kawo dalili ba. Yakan dawo, ya wanke hannu sau biyu da sabulun wanki, ya jawo akwatin, ya zauna a bakin gado yana goge abin da babu datti a jikinsa da sabon tsumman da ya yanka daga yadin ɗinkina. Lukuta ta rarrafo ta miƙa hannu, ya ɗaga akwatin sama.

"Baban Lukuta, da me kake aiki a can?"

"Ana taimakon juna."

Ranar Alhamis na zuba abinci a kwano, na goya yarinya, na tafi garejin. Ban saba zuwa ba. Wuri ne mai faɗi, ƙasarsa ta sha baƙin mai har ta yi tauri kamar kwalta, motoci buɗe da baki ko'ina. Na hango ƙafafun mijina a ƙarƙashin wata farar mota. Kafin in ƙarasa, na ji muryarsa daga ƙasa.

"Dogo, ɗan miƙo mini sha huɗu."

Dogo, makaniken da ke kusa da shi, wanda tsawonsa ya sa kullum yake tafiya a sunkuye, ya miƙa masa sifanar da ƙafa, bai ko juyo ba.

"Ranka ya daɗe, yaya amarya? Har yanzu tana lalle?"

"Wace amarya?" na ce.

Dogo ya juyo ya gan ni, ya cire hula. "A'a, uwargida, sannu da zuwa. Akwatin muke nufi. Sau ɗaya muka ga fuskarta, aka mayar da ita ɗaki."

Mai faci ya ce, "An ce da turare ake kwantar da ita."

Mai walda ya ɗaga baƙin gilashinsa ya ce, "Ni na ji an ce uwargida ce ke kwana a ƙasa yanzu."

Na ce, "Ku da kuke da labari haka, me ya sa ba ku buɗe gidan rediyo ba?" Suka yi dariya, amma dariyar ta mutu da wuri, don Maigareji ya taso daga kujerarsa. Gajeren dattijo ne, yatsunsa biyu na hagu ba sa lanƙwashewa. Ya tsaya a gefen farar motar, ya dubi ƙafafun mijina, ya dubi sifanar da ke leƙowa daga ƙasa mai ɗaurin shuɗin tef a hannu. A garejin kowa yana yi wa kayansa alama: Dogo shuɗin tef, mai walda ɗigon walda, Maigareji layi uku da zarto. Ba a ɓoye aro.

"'Yata, mijinki yana da hannu," ya ce da ni, kamar mijin ba ya nan. "Kunnensa ma yana jin inji. Amma wannan shi ne na biyu da na gani da idona. Waɗanda ban gani ba, na yafe."

Ya koma kujerarsa. Baban Lukuta ya fito daga ƙarƙashin mota, ya karɓi kwano, bai kalle ni ba.

A hanyar gida na yi tunanin da na ɗauka na hankali ne. Na ce tunda ba zai taɓa masu tsada ba, kuma aro ya ƙare, to a samo masa waɗanda ba zai ji tausayinsu ba. Na biya ta shagon nan, na tsuguna gaban bokiti, na zaɓi sifana takwas da sukudireba biyu da filaya, da kuɗin wasu riguna uku da na ɗinka. Mai shago yana kallona.

"Uwargida, kin dawo wajen keke."

"Zuba mini a leda."

"Waɗannan na gida ne fa. Ɗaure famfo, gyara gado. In noti ya yi tsatsa kada a matsa musu."

"Da ka faɗi haka ranar Asabar."

"Ranar Asabar ba ki tambaya ba, kin zo da wa'azi."

Ban saurare shi ba. Na ɗauka dabarar 'yan kasuwa ce.

Baban Lukuta ya karɓi ledar da murna, har ya ce ni mace ce mai hangen nesa. Ya tafi da ita ranar Juma'a, ya dawo lafiya. Na yi barci da daɗi, ina jin na gyara aure da gareji a tafiya ɗaya.

Ranar Asabar da azahar Dogo ya kawo shi gida a bayan babur, hannunsa na dama a naɗe da bandeji kamar kan jariri.

Abin da ya faru, kamar yadda Dogo ya faɗa yana tsaye a ƙofa don ɗakin bai ɗauki tsawonsa ba: an kawo motar wata malamar asibiti, za a canja mata birki. Noti ɗaya ya ƙi. Mijina ya sa sifanata, ya danna, ya ƙi. Ya zura bututu a hannun sifanar don ya sami ƙarfi, ya hau da nauyinsa. Bakin sifanar ya buɗe kamar na mai hamma, ta zame, ta cinye kusurwoyin notin har ya koma kamar ƙwallo, hannunsa kuma ya tafi ya gaisa da ƙarfen mota. Ɗinki huɗu. Malamar asibitin da kanta ta duba shi, tana yi masa faɗa. Notin kuwa sai da mai walda ya ɗana masa wani ƙarfe kafin ya fita, aikin rabin awa ya cinye rabin yini.

"Maigareji fa?" na ce.

Dogo ya sosa ƙeya. "Ya ɗauki sifanar, ya duba, ya ba mai faci ya ce ya riƙa motsa shayi da ita. Ya ce ranar Litinin mutumin nan ya zo da kayan da ke aiki, ko ya zauna gida ya taya ki ɗinki."

Da Dogo ya tafi, na zauna a kan keken ɗinki, shi a bakin gado. Lukuta tana tsakaninmu tana cin igiyar takalmi. Na kalli bandejin. Ni na sayo abin da ya yanka shi. Da ya zame ta wani gefen, da ido ne.

"Laifina ne," na ce. "Mai shago ya gaya mini, ban ji ba."

"A'a."

"Nawa ne, kada ka ƙwace mini. Amma rabi kawai. Sauran rabin yana ƙarƙashin gadon da kake zaune."

Ya leƙa ƙarƙashin gadon.

"Ranar Litinin za ka tafi da akwatin," na ce.

"Za a sace."

"Ka yi masa alama kamar kowa."

"Da zarto? A jikin wannan?" Ya kalle ni kamar na ce a yi wa Lukuta tsaga da wuƙar yankan nama.

"To me ka saye shi ya yi? Ya haihu?"

"Ba za ki gane ba."

"Gwada ni. Ina da lokaci, tunda ka kusa zama abokin aikina."

Ya gyara hannun bandejin a kan cinyarsa. Sannan ya ce tun yana yaro bai taɓa mallakar sabon abu ba. Rigar wansa, takalmin wansa, keken da ya koyi tuƙi da shi na maƙwabci ne. Ko gadon nan na hannu muka saya. Ya ce in ya buɗe akwatin ya ga komai a gurbinsa, sai ya ji kamar shi ma wani ne.

Na ce, "Na ji wannan. Akwai saura."

"Babu."

"Akwai. Ka sosa kunne."

Ya sauke hannun daga kunnen. Ya ce shekara huɗu in aiki ya ɓaci, ana cewa yaro ne, yana koyo. In ya yi aro ya ɓaci, sai a ce sifanar Dogo ta tsufa. Ko yau, kowa sifanar ya zaga, ba shi ba. Amma ranar da ya fito da waɗancan a gaban mutane, noti ya ƙi fita, me za a ce?

"Za a ce noti ya ƙi fita," na ce.

"Za a ce kayan sun fi mai su."

Na tashi na ɗora ruwan zafi. Ina tsaye gaban murhu ina tunanin mutum biyun nan da ke jiran wurinsa, ban san fuskarsu ba amma na tsane su. Na san mijina. In na bar shi, ranar Litinin zai ɗauki akwatin, ya kai shi gareji, ya ajiye a inuwa, ya rufe shi da riga, kafin azahar ya ce, "Dogo, ɗan miƙo mini."

Ranar Lahadi da safe ya tafi asibiti a canja masa bandeji. Na san layin wurin, ba zai dawo ba sai rana ta take. Yana fita na leƙa ɗakin maƙwabciyata mai kitso.

"Yaya, kina da jan farcen da ba kya so?"

"Wane kala?"

"Wanda ya fi muni."

Ta buɗe wata jaka ta zazzage. A ciki akwai kwalba uku na wani ruwan hoda mai ƙyalƙyali, irin wanda in haske ya taɓa shi sai ido ya yi ruwa. Ta ce wata ce ta sayo don bikin ƙanwarta, ko amaryar ta ƙi shafawa.

"Me za ki yi da shi? Ke da ko lalle ba kya yi."

"Zo ki riƙe mini yarinya, ki ga abin da zai kashe mini aure."

Na jawo akwatin tsakar gida. Ba zan ɓoye ba, da na ɗaga murfin sai da hannuna ya tsaya. Suna da kyau. Na ga fuskata a jikin babbar, da ɗankwali a karkace. Na yi bisimilla, na kife akwatin a kan siminti.

Ƙarar ta fito da mai gidan haya daga ɗakinsa da carbi a hannu.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Shanya nake yi."

Na ɗauki kowace na goga bayanta a kan dutsen wanki, sau uku uku, ba a baki ba, don ba hauka nake yi ba, bakin shi ne kuɗin. Na kawo tsohuwar rigar aikinsa da ban wanke ba tukuna, na murje su da ita har ƙyallin ya dushe. Da babbar sifana na ɗaure famfon tsakar gida da ya shekara yana ɗiga, kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: ta kama notin kamar an haife su tare, ko motsi babu. Da gudumar na mayar da ƙusar ƙofar banɗaki. Mai gidan haya ya ce tunda abin ya zo, ko zan duba masa ƙafar kujera. Na duba.

Sannan muka zauna ni da mai kitso, ita da kwalba ni da kwalba, muka shafa wa kowace zobe biyu na ruwan hoda a tsakiya, muka jera su a kan kwali a rana. Lukuta ta samu hannun sukudireba, ta gwada sababbin haƙoranta huɗu a kai, ta bar shaida. Na ƙyale ta da hannun, na riƙe tsinin.

"Wallahi ke ba ki da tsoro," in ji mai kitso.

"Ina da shi. Haya nake tsoro."

Soson da ke cikin akwatin, mai gurbi-gurbi, shi ma na cire, don na lura shi ne rabin matsalar: in gurbi ɗaya ya zama fanko, sai ya riƙa kallon mutum. Na yanka shi na cusa a matashin Lukuta.

Baban Lukuta ya shigo da rana tsaka, da sabon bandeji da ledar magani. Ya tsaya a bakin ƙofar tsakar gida. Ya dubi kwalin. Ya dubi akwatin a buɗe, fanko. Ledar ta faɗi.

Mai kitso ta tuna tana da tukunya a wuta. Mai gidan haya ya shige ɗaki, amma na ga labulensa bai rufu duka ba.

Ya tako a hankali ya tsuguna. Ya ɗauki lamba sha bakwai da hannun hagu, ya juya ta, ya ga gogar dutse, ya ga zoben. Ƙyalƙyalin ya kama rana ya watsa masa a fuska.

"Maman Lukuta."

"Na'am."

"Wane ne ya mutu?"

"Ba kowa."

"To me na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba. Yanzu ba sababbi ba ne. Ba wanda zai sace su, don ba namijin da zai yarda a gan shi da su. Kuma ba wanda zai ce sun fi ka."

"Ruwan hoda."

"Shi aka samu."

"Akwai baƙin fenti a duniya. Akwai shuɗi. Akwai tef."

"Tef na Dogo ne."

Ya ɗauki sukudireban, ya ga sawun haƙora. Ya kalli 'yarsa, ita kuma ta yi masa murmushi da dukan haƙoran da suka yi aikin.

"Har da ke?"

Bai ci abincin rana ba. Ya zauna a ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Da la'asar na ji yana kwashe su yana zubawa a akwatin, ba a jere ba, don babu inda za a jera. Na ji ya gwada kankare zoben ɗaya da farce. Na riga na tambayi mai kitso, ta ce irin wannan ko ita sai da ta yi sati tana fama.

Ranar Litinin ya fita bai yi mini sallama ba, akwatin yana kacau-kacau a kafaɗarsa. Na yi niyyar in zauna in yi ɗinki. Na ɗinka hannun riga a wuya, na farke, na sake ɗinka shi a wuya. Da hantsi na goya Lukuta, na ce zan je sayen zare, kuma shagon zare yana bayan garejin in mutum ya bi doguwar hanya.

Na tsaya bayan tulin tayoyi. Daga nan ina ganin wurinsa.

An kawo wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, salansarta, wato bututun hayaƙi, na jan ƙasa. Notocin da ke riƙe da ita sun yi ja da tsatsa. Maigareji ya jawo kujerarsa har gaban motar ya zauna, abin da aka ce bai saba yi ba. Akwatin yana ƙasa a rufe. Mijina yana tsaye a kansa.

"Amarya ta fito," in ji Dogo. "A buɗe mana fuska mana."

Ya buɗe.

Mai walda ya cire gilashinsa gaba ɗaya. Mai faci ya matso, ya leƙa, ya koma da baya yana riƙe da ciki, ya zauna a kan taya.

"Wannan ba amarya ba ce," in ji Dogo. "Wannan ta yi aure uku."

"Injiniya, da jaka aka haɗo maka ko daban ake sayarwa?"

"A bar shi, kala ce mai kyau, ta dace da idonsa."

Na ga bayan wuyan mijina ya yi gumi. Na ga ya kalli akwatin Dogo, da ke buɗe kusa da ƙafarsa. Lukuta ta fara motsi a bayana, na jijjiga ta, ina cewa a zuciyata, in ka miƙa hannu can, wallahi da kaina zan fito.

Ya sunkuya ya ɗauki tasa. Ya zuba wa notin mai, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da guduma, ya jira. Ya kwanta a kwali ya shige ƙarƙashi, hannun bandeji a kan ƙirji, sifana a hagu. Na ji ƙarfe ya kama ƙarfe. Na ji ya yi nishi. Ba abin da ya motsa.

"Dogo," ya ce daga ƙasa.

Maigareji ya gyara zama.

"Riƙe mini salansar nan ta gefenka, tana juyawa da ni."

Dogo ya tsuguna ya riƙe. Wani nishin, sannan wata ƙara siririya kamar ƙofar da ta shekara a rufe. Notin farko ya gangaro waje. Na biyu bai yi gardama sosai ba. Na uku ya karye, amma Maigareji ya ɗauka ya duba ya ce tsatsa ce ta riga ta cinye shi, ko wa ya taɓa zai karye.

Da mijina ya fito, Maigareji ya miƙa hannu, ya karɓi sifanar. Ya duba bakinta, ya auna nauyinta a tafinsa, ya kai zoben kusa da ido.

"Wa ya yi maka wannan?"

"A gida ne."

"Na san ba kai ba ne. Kai da za ka sa mata riga." Ya mayar masa. "Gobe akwai mota biyu da sassafe, taka ce ta fari. Ka gaya wa mai tsayuwa bayan tayoyi ta fito, akwai kunama a wurin."

Na fito da sauri fiye da yadda na so. Suka yi ta dariya, har da mai motar da bai san kan zancen ba. Baban Lukuta bai yi ba. Ya goge sifanar a cinyar wandonsa, ya jefa ta cikin akwatin daga tsaye, ta faɗa kan 'yan'uwanta da ƙara.

"Me kika zo yi?"

"Zare na zo saya."

"A gareji."

"Hanya ce ta biyo."

Ya kalle ni, ya kalli Lukuta da ke miƙa hannu wajen akwatin. Dogo ya matso yana murza hannu.

"Mai Hoda, ɗan ara mini sha biyu, tawa ta shige ƙarƙashin mota."

"Ba na ba da aro," in ji mijina. Ya juya gare ni. "Tunda kin zo, kwance mini bakin bandejin nan ki sake ɗaurewa, ya saki. Kuma ki tafi da yarinyar nan gida, wurin nan duk ƙarfe ne."